Wakilin Baba

Idan aka tambaye ni aikin Yayata, nakan ce aikinta tambaya. Mutane su ɗauka wasa nake yi, ni kuwa iyakar gaskiyata ke nan. Ni tela ce, in mace ta kawo mini yadi ta ce riga take so, sai in auna ta, in yanka, in ɗinka, shi ke nan. Yaya kuwa in ka ce mata riga kake so, zaunar da kai za ta yi ta tambaye ka ina za ka da ita, wa za ka gani a can, me ya sami wadda ke jikinka, har ka gano da bakinka ashe ba riga ce damuwarka ba, surukinka kake jin nauyin haɗuwa da shi. Wannan hali shi ya ba ta abinci, shi ya yi mata suna a jami'ar da take bincike. Sau ɗaya na taɓa ganin ta ajiye shi, kuma wannan ajiyewar ta kusa sa mahaifinmu ya bar mu ya koma zaman kaɗaici da ƙafar da ba ta gama warkewa ba.

Baba ne ya sa mata Don-Me tun tana 'yar firamare, sunan kuma ya bi ta har ofis. Shagonsa na gyaran agogo da rediyo ɗan ƙuƙut ne, tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi. In an tashi daga makaranta can take zarcewa, ta ɗare akwatin katako ta zuba masa ido. Mutum ya kawo agogo ya ce ya tsaya, kafin Baba ya buɗe bayansa ta riga ta tambayi mai shi don me yake son a gyara tsoho alhali ga sababbi birjik a kasuwa. Wani ya yi dariya, wani ya haɗe rai, wani kuma ya zauna ya ba ta labarin wanda ya bar masa agogon. Mama, Allah ya jiƙanta, takan ce yarinyar nan sai ta kori mutane daga shagon. Baba ya ce a ƙyale ta.

Da ta shiga jami'a ta karanci kwamfuta, mun zaci za ta dawo tana ta ƙwanƙwasa maɓallai kamar kowa. Ina! Ita abin da ya ɗauke mata hankali shi ne aikin da ake yi tun ba a rubuta layi ɗaya na manhaja ba, wato gano ainihin abin da masu amfani da ita suke bukata. Ta ce da yawan manhajojin da ake watsarwa lafiyarsu ƙalau, aiki suke yi tsaf, sai dai aikin da ba wanda ya nema. Daga baya ta zurfafa a wani reshe da na daɗe ban gane kansa ba, sai da ta yi mini bayani da yaren kasuwa. Maimakon a gina babbar manhaja ɗaya mai ba kowa umarni, sai a ba kowane mutum wakilinsa, wata 'yar manhaja da ta san burinsa, ta riƙa ciniki da wakilan sauran a madadinsa har su daidaita. Wakili ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya mantuwa. Amma burin da aka ɗora masa shi kaɗai ya sani, kuma bakin rai bakin fama zai bi shi. Shi ya sa take zama da mutane tana tatsar su kafin ta taɓa kwamfuta.

Akwai wani mai gidan burodi da ya taɓa neman ta. Ya ce so yake a yi masa manhaja mai nuna inda kowace motarsa take a taswira. Ta tambaye shi don me, ya ce don ya san in direba ya makara. In ya sani fa? Sai ya kira mai shago ya ba shi haƙuri tun bai fara masifa ba. Ta ci gaba da binsa a hankali, ashe bawan Allah tun duku-duku yake bakin tanda, babban burinsa a duniya ya samu barcin rana ba tare da waya ta tashe shi ba. Taswirar nan da ƙara hana shi barci za ta yi. Sai ta sa wakilin direba da na mai shago suna sanar da juna kai tsaye, shi kuwa ya ja bargo. Har yau yana aiko mata da burodi, mun ci har mun gaji.

Mijinta muna kiransa Mai Kemis, mutum ne mai sanyi da son raha. Yakan ce ranar da ya nemi aurenta ta tambaye shi don me, kuma har yanzu bai gama ba da amsa ba. Suna zaune a hawan ƙasa na wani dogon bene, 'yarsu ɗaya tana karatu a wani gari. A falonsu, inda wasu ke rataye hoton ɗaurin aure, Yaya farin allo ta kafa, tana zane a kai da maka, alƙalamin nan na rubutu a allo. Kowane mutum da'ira ne, a ciki ta rubuta burinsa, sannan ta ja kibiyoyi tsakanin da'irorin. Girki dai kada ma a yi maganarsa, ta sha ƙona shinkafa tana tsaye gaban allon nan. Amma gidan akwai dariya, kuma ban taɓa zuwa na fito da yunwa ba, don Mai Kemis ya iya soya ƙwai.

Bayan rasuwar Mama, Baba ya kafe shi kaɗai zai zauna a tsohon gidanmu, mai matakala a miƙe kamar tsani. A kanta ya zame wata safiya ya karye a ƙugu. Aka yi masa aiki, likita ya ce ba shi ba hawa bene, kuma sai an riƙa kai shi gashin ƙashi a asibiti. Muka dawo da shi wurin Yaya, ɗakin 'yarta. Mu uku ne 'ya'yansa: ita, ni, sai Auta, wanda direban motar kaya ne. To nan fa rigima ta tashi. Wa zai kai shi gashi, wa ya manta da magani, wa ya ce zai zo bai zo ba. Ni da Auta har muka yi kwanaki ba ma ga maciji. Ni dama ba a taɓa ni in yi shiru.

Yaya ta ce ya isa, za ta yi mana irin aikinta, in ya yi kyau ma ta sa shi a bincikenta. Ta same ni a shago ina datsa hannun riga. Na ce ni dai a cire ni daga kai Baba asibiti, aiki ya yi mini yawa. Ta ce don me asibiti kaɗai, alhali yini a gida ya fi cin lokaci. Na kawo wannan, na kawo wancan, tana zaune a kan tulin yadi ko gezau. Ƙarshe dai na faɗi abin da ni kaina ban san yana raina ba: tun da Mama ta cika a hannuna a asibitin nan, ko warin wurin ba na iya jurewa. Na yi kuka na ƙoshi, ta miƙo mini ƙyallen wata mata na share fuska da shi. Auta ma haka ta yi masa. Ya yi ta cika baki da cewa ba lokaci, ashe bayansa ke ciwo in ya ɗaga Baba, yana jin kunyar faɗa.

Ranar da ta zo kan Baba ina wurin. Ta durƙusa gefen kujerarsa ta tambaye shi me yake so a yi masa.

"Ni? Babu abin da nake so," in ji shi. "Kun yi mini komai. Allah ya yi muku albarka."

Na ga bakinta ya motsa. Tambayar nan da ta sa mai gidan burodi tona cikinsa, ta sa ni kuka, ta zo har bakin leɓenta. Sai ta haɗiye. Uba ne, ya sa maka albarka, ta ina za ka fara yi masa tambayar ƙwaƙwa? Ta ce amin, ta tashi ta je gaban allo, ta rubuta a cikin da'irarsa: Baba ya huta. Ni ma a lokacin na ga ya yi daidai.

Abin kuwa ya yi aiki, ba zan ci amanarsa ba. Kowa aka sa masa wakilinsa a waya. Nawa ya san ranakun da mata ke cika mini shago, ya san ba na zuwa asibiti, sai ya musanya da na Auta: shi ya tuƙa, ma'aikacin asibiti ya yi ɗagawa, ni in zauna da Baba ranar da ba gashi. Magani bai ƙara yankewa ba, don wakilin Mai Kemis na lura da shi. Ni da Auta muka shirya har yana kawo mini lemo a shago. Watannin nan sun yi mana daɗi ƙwarai. Ranar hutu mu haɗu a falon, Mai Kemis na zuba shayi yana tsokanar Yaya cewa ta yi masa wakilin da zai riƙa amsa mata tambayoyi ya samu ya sarara.

Duk cikin wakilan nan babu mai himma kamar na Baba. An ce Baba ya huta, to sai ya huta. In na shirya zuwa da rana in nuna masa keken ɗinkina da ke tsallake zare, sai wayata ta ce lokacin hutunsa ne, ga wani mai gyara nan kusa da ni. In Auta ya kira daga hanya don ya ji ra'ayinsa kan wata ƙara da injin motarsa ke yi, a ce masa Baba ya dawo daga gashi, wayarsa na shiru. Da yakan dogara sanda ya je kantin bakin titi ya sayo batir da reza, ya ɗan taɓa hira. Wakili ya lura, ya sa ana kawo su har ƙofa tun ba su ƙare ba. Mu ma muka ɗauki halin. Agogon bangon falo ya tsaya, Mai Kemis ya sauke shi a ɓoye ya rataye sabo don kada Baba ya wahala.

Baba ya yi fes, ya yi ƙiba, ƙafa ta fara ɗaukarsa. Likitoci suka yaba. Maganarsa ce dai ta ragu, mu kuma muka ce tsufa ne. Yaya ta rubuta rahoton bincikenta, har aka gayyace ta taro ta yi bayani a kai.

Wata safiya ana karyawa, ya ajiye kofinsa ya ce Auta ya zo da mota ranar Asabar ya mayar da shi gidansa. Yaya ta kira ni, na rufe shago na taho ko zaren jikina ban kakkaɓe ba. Muka yi roƙo, muka tuna masa matakala, muka tuna masa ba kowa a gidan. Ya ce ba wanda ya yi masa laifi, ya gode, amma zai tafi. Wanda ya san Baba ya san in ya yi magana a hankali haka, an gama. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in ya sake faɗuwa a can sai dai maƙwabta su ji shiru ya yi yawa.

Na ja Yaya kicin na sauke mata kwandon masifa. Na ce ta kwashe wakilanta ta zuba a shara, sun mayar mana da uba kamar kayan ajiya. Ba ta musa ba. Ta ce wakili bai yi kuskure ko ɗaya ba, abin da aka ba shi ya yi, ita ce ta karɓi amsar farko ta tashi. Na ce to mai sauƙi ne, bari in kwance wani abu a kekena in kawo masa ya gyara, ya ji ana yi da shi. Ta harare ni. Ta ce mutumin da ya yi rayuwarsa yana duban cikin agogo, kallo ɗaya zai yi ya ga sawun sukudireba, kuma ranar da ya gane muna yi masa wasan yara, ko da ƙafa sai ya tafi.

Ta wanke fuska ta fita, na bi ta. Ta zauna a ƙasa gabansa.

"Baba, don me?"

Ya dube ta, sai ya yi dariya, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba. "Sai yanzu, Don-Me?"

Ya ce gida in ba mutum lalacewa yake yi. Ta ce in an sa mai kula da shi fa? Ya ce kayan aikinsa na can suna tsatsa. Ta ce in an kawo su nan fa? Can ya nuna allo da sandarsa, ya ce kullum yana zaune yana kallon zanen nan, ta gaya masa me kibiyoyin ke nufi. Ta ce gindin kibiya na wurin mai bukata, kanta na wurin wanda ake bukata, a tsakiya kuma dole a rubuta abin da ake bukatar, in ba haka ba ba ta karɓuwa. Ya miƙe a hankali ya je dab da allon, ya sa yatsa a da'irarsa. Kibiyoyi sun fita daga cikinta ta ko'ina, zuwa gare ni, zuwa Auta, zuwa Mai Kemis, zuwa asibiti.

"Haka na zata," ya ce. "Duk fita suke yi. Babu wadda ta shigo."

Ya koma ya zauna, ya ce maganar Asabar tana nan.

Kwanakin da suka rage Yaya ba ta zauna ba. Ta sake zagaye mu da tambaya, wannan karon a juye: me kake bukata a wurin Baba, kuma ban da ƙarya. Ni ban sha wahalar amsa ba, don mai gyaran da aka tura ni wurinsa ƙara ɓata mini keke ya yi. Auta ya ce shi kunnen Baba yake so a gefensa, ya saurari injin kafin bakanike ya yi masa wayo. Mai Kemis ya ce mutane na kawo masa na'urar awon jini ta gida in ta tsaya, shi kuwa ko murfinta bai iya buɗewa ba, kwali guda ya tara. Ta zana duka, ta goge burin da ta rubuta wa Baba, ta bar wurin fili, ta ce shi zai faɗa da bakinsa.

Asabar da hantsi Auta ya faka mota a ƙofa, fuska ba walwala. Baba ya fito da hularsa, jakarsa ta riga ta kai bakin ƙofa. Yaya ta roƙe shi ya dubi allo kafin ya fita. Ya tsaya ya karanta sababbin kibiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni yadda keken ke yi, na kwatanta masa, ya ce ƙugiyar ƙasa ce ta goce. Raina ya fara sanyi. Sai ya ce duk wannan ya ji daɗinsa, amma keke da mota da kwalin Mai Kemis ai ana iya kai masa su can gidansa. Wallahi ban san sanda na zauna a hannun kujera ba.

Bai matsa daga gaban allon ba dai. Ya kai yatsa kan da'irar Yaya, ya ce ya ga kowa ya jawo tasa, ita fa?

Ta ɗauki maka ta cire murfin. Ta ja layi daga da'irarta har cikin tasa, ta yi masa kai. Sannan ta kai hannu tsakiya inda ake rubutu, ta tsaya. Matar da ke tsayawa gaban manyan malamai ta yi bayani ba gargada, ga ta nan hannu a sama, hawaye na bin kumatunta.

"Baba, ina bukatarka a gidan nan," ta ce. "In na dawo daga aiki, tun daga bakin titi nake duban tagarka. Ban san me zan rubuta ba."

Ya karɓi makar daga hannunta, ya mayar da murfin ya danna shi da tafin hannu.

"Bar ta haka," ya ce.

Auta ya yi wuf zai ɗauki jakar ya kai ɗaki ya zazzage, Baba ya tare shi da sanda. Ya ce ya ajiye ta a kan gado kawai, kada wanda ya taɓa zif ɗin.

"Ni na haɗa kayana," in ji shi, "ni zan kwance su."